Takobi, murmushi da inuwa a jikin ginshiƙi: abin da ke riƙe mai kallo a tsofaffin finafinan jarumta na Holiwud

Ana tsakiyar liyafa a fadar Nottingham, manyan gari sun cika ciki suna ta fadanci a gaban Yarima John, sai aka ji hayaniya daga bakin ƙofa. Wani saurayi ne cikin koren kaya ya kutso kai, ya saɓo barewa a kafaɗa, yana make dogarai da ita dama da hagu. Barewar ta sarki ce, wanda duk ya harbe ta kuwa hukuncinsa kisa. Bai tsaya ba sai gaban Yarima. Ya jibge ta a kan teburi, ya samu kujera ya zauna, ya kai hannu ga nama, yana ci yana faɗa wa mai gidan a gaban fadawansa cewa shi maci amanar ɗan'uwansa ne. Ana rufe ƙofofi a bayansa ɗaya bayan ɗaya, ya sani sarai, amma murmushin bai bar fuskarsa ba.

Errol Flynn ke nan a fim ɗin The Adventures of Robin Hood na kamfanin Warner Bros, wanda ya fito a 1938. Na kalli wannan wuri ya fi a ƙirga, kuma duk lokacin sai na ji zuciyata ta yi wasai. Abin da nake son warwarewa shi ne dalili. Fim ne da ya haura shekara 85, babu kwamfuta a aikinsa, babu jini, kowa ya san jarumi ba zai mutu ba. To me yake riƙe mutum?

Turawa suna kiran wannan rukuni swashbuckler. Tsohuwar kalma ce ta Ingilishi tun ƙarni na 16, tana nufin mutumin da yake buga takobi a jikin ƙaramar garkuwarsa don a ji ƙara a san ya iso. Wanda ya taɓa ganin ɗan dambe yana zagaya fili yana kirari kafin a gwabza ya san irin mutumin. Daga baya sunan ya koma kan labaran masu takobi: 'yan fashin teku, dogaran sarkin Faransa, ɗan sarautar da yake rufe fuska da dare ya kare talakawa. Wanda ya kafa salon a fim shi ne Douglas Fairbanks, tun finafinai ba sa magana. Ya yi The Mark of Zorro a 1920, ya biyo da Robin Hood nasa a 1922, sannan The Black Pirate a 1926, inda ya soka wuƙa a ƙaton zanen da ke kama wa jirgin ruwa iska, ya zamo a jikinsa daga sama har ƙasa, zanen yana tsagewa a bayansa. Tunda babu murya, jiki ne yake magana, kuma Fairbanks ya gane cewa mai kallo yana son ya ga mutum yana jin daɗin ƙarfinsa da zafin namansa.

Da sauti ya shigo a ƙarshen shekarun 1920, salon ya yi sanyi na ɗan lokaci, don na'urorin ɗaukar murya na farko ba sa son guje-guje. A 1935 Warner Bros ta yi kasada. Ta ɗauko labarin Rafael Sabatini, ta ba darakta Michael Curtiz, ɗan asalin Hungari, ta kuma ɗora wa wasu matasa biyu da kusan ba a san su ba: Flynn mai shekara 26, haifaffen tsibirin Tasmaniya na Ostireliya, da Olivia de Havilland mai shekara 19. Fim ɗin shi ne Captain Blood. Likita ne aka kama don ya yi wa ɗan tawaye magani bayan boren Monmouth na 1685 a Ingila, aka sayar da shi bawa a Jamaika, ya gudu ya zama ɗan fashin teku. Kasada ta biya. Flynn da de Havilland sun yi finafinai 8 tare, sauran kamfanoni kuma kowa ya shiga neman nasa mai takobin.

Abu na farko da ke jan mutum, a ganina, shi ne ido yana ganin komai. Ɗauki faɗan ƙarshe na Robin Hood. Flynn da Basil Rathbone, wanda ya fito a matsayin bos Guy na Gisbourne, suna sara suna karewa a kan matakalar dutse mai lanƙwasa. Kyamara ta ja baya, kana ganinsu daga kai har ƙafa, kana ganin tsawon da mutum zai faɗo in ya zame. Suka sauko tsakar fada, suka ture teburi, suka kifar da kyandirori. Can sai su biyun suka fita daga hoton gaba ɗaya, aka bar ka da manyan inuwowinsu suna faɗa a jikin wani ƙaton ginshiƙi, ƙarar ƙarfe tana tashi, sannan suka sake shigowa ta ɗaya gefen. Wannan wasa da inuwa hatimin Curtiz ne, wanda yana cikin daraktocin wannan fim ɗin ma. A yawancin finafinan faɗa na yau ana yanka hoto kowane daƙiƙa biyu, a nuna maka hannu, a nuna ƙafa, a nuna fuska, kai ne za ka haɗa su a kanka ka ce an yi faɗa. A nan kuwa gani ya kori ji. Ka san inda kowa yake tsaye, ka san wa ya matsa wa, ka san inda ƙofa take.

Kada a ɗauka babu dabara. Akwai ta, mai yawa. Mutumin da ya tsara mafi yawan waɗannan faɗace-faɗace shi ne Fred Cavens, malamin wasan takobi da ya yi horonsa a Beljiyam. Ya san cewa wasan takobi na gasa yana da saurin da ido ba ya kamawa, masu yinsa kuma suna motsi kaɗan ne da wuyan hannu. Saboda haka sai ya buɗe motsin, ya faɗaɗa sara, ya sa takobi yana neman takobi don a ji ƙara a ga walƙiya. Kowane taku a haddace yake kamar rawa, ana bita har sai ya zauna a jiki. Wani lokaci ana sa wani ya tsaya a madadin jarumi a wurare masu wuya. Ɗan Cavens ɗin, Albert, ya yi wa Tyrone Power haka a wasu sassa na The Mark of Zorro na 1940. Sai dai ko wane ne a cikin rigar, mutum ne mai jini da tsoka yake tsalle daga kan teburi, kuma in aka yi kuskure ƙarfe ne zai sauka a jikinsa. A Robin Hood, gwanin baka Howard Hill ne yake harba kibau na gaske a ƙirjin mutanen da aka ɗaura wa farantin ƙarfe da itace mai taushi a ƙarƙashin riga, ana biyan kowannensu dala 150 a kan kibiya ɗaya. Idan ka ga sun zabura sun faɗi, zaburar ba ta koyo ba ce.

Rathbone ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. An haife shi a Johannesburg a 1892, kuma a cikin 'yan wasan zamaninsa ana lissafa shi cikin waɗanda suka fi iya takobi da gaske. Amma shi ne kusan kullum ake kashewa: a bakin teku a Captain Blood, igiyar ruwa tana wanke fuskarsa, a fadar Nottingham, a ofishin mai mulkin gari a Zorro. Aikinsa shi ne ya sa wanda bai kai shi gwaninta ba ya fito kamar gwani, kuma ya yi hakan ba tare da ya zubar da kwarjininsa ba. Kafin faɗansa da Power akwai wani ɗan wuri da nake ƙauna. Ya kai sara ya fille kan kyandir don ya tsorata abokin gaba. Power ya kai nasa saran ga wani kyandir, kyandir bai motsa ba, Rathbone ya yi dariyar mugunta. Sai Power ya sa hannu ya ɗauke rabin kyandir ɗin na sama. Ashe ya raba shi biyu ba tare da ya faɗi ba. Ba a ce uffan a kan wa ya fi ba, amma duk wanda ke cikin silima ya samu amsa.

Sai maganar hali, wadda ita ce zuciyar abin. Jarumin waɗannan finafinai yana da iyakar da ba ya tsallakewa. A tsakiyar wancan faɗa na matakala takobin Gisbourne ya suɓuce, Robin yana da damar gamawa da shi nan take, sai ya mayar masa da takobinsa aka ci gaba. Shi kuwa Gisbourne da ya samu sarari, wuƙa ya zaro a ɓoye. Da wannan kaɗai an gaya maka waye mutumin kirki, ba tare da wa'azi ba. Ba a sarar wanda ya juya baya, ba a taɓa mace, ba a karya alkawari ko da wa aka yi shi. Kuma jarumin ba mai ɗaure fuska ba ne. Yana dariya idan an kayar da shi, kamar yadda Little John ya tunkuɗa Robin cikin rafi da sanda, ya fito sharkaf yana ƙyaƙyatawa ya miƙa masa hannun abota. Jarumtar da ke tafe da fara'a tana da wuyar samu a fim na yanzu, inda aka fi son gwarzo mai ciwon zuciya da ƙullin ramuwa.

Wani ɓangare na wannan tsabta doka ce ta tilasta shi. Daga 1934 Holiwud ta fara aiki sosai da ƙa'idojin tace finafinai da ake kira Hays Code, ƙarƙashin Joseph Breen. An hana nuna kisan gilla filla-filla, an hana mai laifi ya ci riba, an taƙaita abin da za a nuna tsakanin mace da namiji. Finafinan 'yan daba da bindiga, waɗanda Warner ta yi suna da su, suka shiga matsi. Labarin da aka kai ƙarni na 12 ko na 17 kuwa yana ba da faɗa da soyayya da tawaye ba tare da an taka doka ba. An soki mutum ya faɗi, rigarsa fes. Soyayya ta koma kallo da zolaya da musayar magana. A Captain Blood yarinyar da de Havilland ta fito a matsayinta ce ta fara sayen likitan a kan fam 10 a kasuwar bayi, daga baya shi ma ya fanshe ta daga hannun wani ɗan fashi, suka yi ta gugar zana har ƙarshen fim. Shi ya sa har yau mutum zai iya kunna yawancinsu a falo, da yara da surukai a zaune, ba ya neman rimot da sauri.

Akwai kuma zamanin da aka yi su. Tattalin arzikin Amurka ya karye tun 1929, mutane sun rasa aiki da gidaje, sai ga fim yana nuna azzalumin mai karɓar haraji ana ƙwace masa jaka ana raba wa talakawa. Bayan haka yaƙi ya taso a Turai. The Sea Hawk ya fito a 1940, lokacin da Ingila take fuskantar Jamus, kuma ya buɗe da Sarki Philip na Sifaniya a gaban taswirar duniya yana burin ta zama tasa duka. Babu mai kallon da bai gane Hitila ake nufi ba. Ya rufe da Sarauniya Elizabeth, wadda Flora Robson ta fito a matsayinta, tana kira ga mutanenta su shirya jiragen yaƙi.

Mai kallo Musulmi zai lura da wani abu a Robin Hood. Sarki Richard, ɗan'uwan Yarima John, da ake ta jiran dawowarsa ya bar ƙasarsa ne ya tafi yaƙi da Salahuddin Ayyubi a kan Ƙudus, aka kama shi a Ostiriya a hanyar komawa. Fim ɗin yana girmama shi, amma ya bar Robin ya faɗa masa a fuska, bai san da sarki yake magana ba, cewa laifin Richard ne da ya bar mutanensa ya tafi faɗa a ƙasar wasu. Wannan magana ta yi daidai da ra'ayin Amurkawa da yawa a 1938, masu gudun shiga rikicin waje. Duk da haka tawayen waɗannan jarumai yana da linzami. Ba sa rushe sarauta, mugun mai riƙo suke kawarwa su mayar da mai haƙƙi. Robin ya durƙusa a gaban Richard, likita Blood ya ƙare a matsayin gwamnan Jamaika. A nan ne kuma raunin finafinan yake fitowa fili, kuma ba na son a rufe shi. Captain Blood ya sa ka ji zafin bautar da aka yi wa Turawa 'yan tsiraru a gonar rake, alhali baƙaƙen fata da aka kwaso daga Afirka, waɗanda su ne ainihin bayin Jamaika, ba su da labari a cikinsa. Finafinan da aka kai Bagadaza kuma sun mayar da garin Musulmi dandalin rawani da aljanu da kuyangi, yawanci Bature ne aka shafa wa fenti yake taka Balarabe. Mutum zai iya ƙaunar aikin ya kuma ga wannan tabo.

Yanzu ga abin da ya fi ba ni mamaki: duk wannan sauƙi da walwala daga masana'anta mai tsauri suka fito. A wancan zamani manyan kamfanoni biyar, wato MGM, Paramount, Warner Bros, 20th Century Fox da RKO, su ne ke yin fim, su rarraba shi, su kuma nuna shi a gidajen silima nasu. Kowanne yana fitar da fim 40 zuwa 50 a shekara. Saboda haka suna riƙe da ma'aikata na dindindin a kan albashi: kafintoci, teloli, maƙera, masu kula da dawaki, masu fenti, makaɗa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, fim ɗin takobi kuwa jinka ce babba. Don The Sea Hawk an gina jiragen ruwa biyu masu cikakken girma a cikin ɗakin ɗaukar fim da aka cika ƙasansa da ruwa. Robin Hood ya ci kusan dala miliyan 2, fim mafi tsada da Warner ta taɓa yi zuwa lokacin, an ɗauke shi da kalar Technicolor mai bukatar fitilu masu zafin gaske, dajin Sherwood kuma wani lambu ne a garin Chico na Kalifoniya. Kayan da aka ɗinka da fadar da aka gina ba a zubar da su, ana ajiyewa a sake amfani da su a fim na gaba. Telan da ya shekara goma yana ɗinka rigunan fadawa ya san yadda alkyabba za ta tashi idan mai ita ya juya da sauri, kuma irin wannan sani ba ya samuwa a aikin kwangilar wata uku.

Kiɗan ma daga nan ya fito. Erich Wolfgang Korngold fitaccen mawallafin kiɗa ne a Biyana, babban birnin Ostiriya, kafin ya zo Holiwud. Ya ba kowane mutum a fim nasa amon, kamar yadda kowane basarake yake da takensa, har kana jin shigowar jarumi kafin ka gan shi, kiɗan kuma yana bin saran takobi taku da taku. Bayahude ne, kuma kiran da Warner ta yi masa ya zo aikin Robin Hood ya fitar da shi daga Ostiriya 'yan makonni kafin sojojin Hitila su shiga a watan Maris na 1938. An ƙwace dukiyarsa a can, shi kuwa ya tsira, ya kuma ci kyautar Oscar da wannan kiɗa, ɗaya daga cikin uku da fim ɗin ya samu.

Masana'antar tana da nata zaluncin. Ɗan wasa yana sa hannu a kwantiragin shekara 7, kamfani ne ke zaɓa masa fim, in ya ƙi a dakatar da shi ba albashi, a kuma ƙara kwanakin dakatarwar a kan shekarunsa. Olivia de Havilland ta gaji da fitowa a matsayin budurwar da ke jiran ceto, ta ƙi wasu ayyuka, da shekarunta suka cika aka ce saura wata 6. Ta kai Warner Bros kotu a 1943, ta yi nasara a 1944, kuma har yau ana kiran wannan hukunci da sunanta a Kalifoniya. A 1948 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin da ya raba kamfanonin da gidajen silimansu. Talabijin ta shigo gidaje. Da kasuwa mai tabbas ta tafi, riƙe ɗaruruwan ma'aikata a kan albashi ya gagara.

Salon bai mutu nan take ba. Burt Lancaster, wanda ya fara rayuwa a matsayin ɗan wasan alkafura, ya yi The Crimson Pirate a 1952 yana lilo a kan igiyoyin jirgi da jikinsa. A shekarar ce MGM ta fitar da Scaramouche, inda Stewart Granger da Mel Ferrer suka yi faɗan da ya haura minti 6 a cikin gidan wasan kwaikwayo, daga gefen bene zuwa kan kujeru zuwa kan dandamali. Bayan haka abin ya yi ta raguwa. Irinsa kuwa ya riga ya bazu. Tun 1935 kamfanin Wadia na Bombay ya yi Hunterwali, mace mai rufe fuska da bulala a hannu, a kan tafarkin Fairbanks, kuma finafinan Indiya na sarakuna da takubba sun ci gaba da ɗaukar wannan gado. Duk wanda ya taso yana kallon Indiya a Kano ko Zinder ya ga jarumi ya kama igiyar fitila ya yi lilo ya dira a tsakiyar dogarai, ko da bai taɓa jin sunan Flynn ba. A Holiwud ɗin ma, kiɗan da John Williams ya yi wa Star Wars a 1977 ya sha daga rijiyar Korngold, Bob Anderson kuma, ɗan wasan takobin Ingila da ya yi aiki da Flynn a 1953, shi ne ya sa baƙar rigar Darth Vader a faɗace-faɗacen fim na biyu da na uku.

Wanda bai taɓa kallon ko ɗaya ba, ya fara da Robin Hood na 1938, sannan Zorro na 1940. In an zo wurin faɗa, karo na farko ya bi takubban da ido kamar kowa. Ya mayar da shi baya, karo na biyu ya kalli ƙafafun Rathbone kawai, yadda yake ja da baya a kan matakala ba tare da ya waiwaya ba.